AMSAR WASIƘUNKU: Kada Ka Sayi Mota Da Zafinta

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Ɗorayi, nan Kano, mai sarin kaya a Sharaɗa, Challawa da Bompai yana kaiwa kasuwannin ƙauye. Ya ce ya sayar da amfanin gonarsa zai sayi tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975. Tambayarsa: ta yaya zai gane injin da ke zafi ko wanda gasket ɗinsa ya ƙone?

To Malam, mun gode. Da farko dai, ka je ganin motar da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita. Ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, ka ce za ka dawo gobe, domin inji mai zafi yana ɓoye aibinsa.

Shi gasket wani faifai ne tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Aikinsa raba abu uku: ruwa, baƙin mai da wutar da ke ci a ciki. In ya ƙone sai su gauraya. Ga yadda za ka gane:

Na ɗaya, zaro ƙarfen awon baƙin mai. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga.

Na biyu, buɗe murfin lagireto tun inji na da sanyi. Ka ga mai yana yawo a saman ruwa, ko tsatsa ja wur? Alama ce mara kyau. Sa a tayar da motar murfin na buɗe. In kumfa na ta tasowa ba tsayawa, iskar inji ce ke kutsawa cikin ruwa.

Na uku, dubi salansa. Ɗan farin hayaƙi da safiyar hunturu ba komai ba ne. Amma wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke ƙonewa.

Na huɗu, leƙa ƙarƙashin mota ko akwai yoyo, ka matsa tiyo-tiyon ruwa, ka duba fanbel.

Daga nan sai ka mayar da murfi ku hau titi. Kada ka yarda da zagayen minti biyar. Ku yi kamar rabin awa, ku shiga cunkoson Kabuga, idonka na kan allurar zafi. Inji lafiyayye yakan tsaya wajen digiri 90. Ka tuna a watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, ga kuma lodi. Motar da ta kasa cunkoso ba kaya, ina za ta kai buhunan hatsi Dawanau?

Gargaɗi: kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, zai watso maka a fuska.

A ƙarshe, tafi da makanikenka, ba na dillali ba. In kan inji ya lanƙwashe, sabon gasket daga Ƙofar Ruwa kaɗai ba zai wadatar ba, sai an kankare kan ko an canja shi. Ka cire wannan kuɗin daga ciniki, ko ka haƙura. Allah Ya sa albarka a cikin nema, amin.