Daidaiton Fuskoki a Ilmin Kimiyya

Daga cikin kalmomin da masana kimiyya suka aro daga harshen Girka akwai "aisotirofi". Tushenta kalmomi biyu ne, ɗaya na nufin daidai, ɗaya na nufin juyi. A Hausa ana iya kiranta daidaiton fuskoki, watau abu ya kasance halinsa ɗaya ne ko ta wace fuska aka auna shi, gabas ko yamma, sama ko ƙasa.

Ma'anar ba baƙuwa ba ce ga mutanen kwarin Rima. Idan yaro ya jefa tsakuwa a Matan Fada ta Argungu lokacin da ruwa ya kwanta, sai igiyar ruwa ta bazu a zagaye, domin ruwa bai fifita wata fuska bisa wata ba. Amma mai faskare a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ya san itace ba haka yake ba. In ya bi tsawon gungume, sara ɗaya ya isa ya tsage shi. In kuwa ya gitta, sai ya yi gumi. Itace ke nan ba shi da daidaiton fuskoki.

Masana sararin samaniya ma sun yi amfani da wannan ma'auni. A 1965, Arno Penzias da Robert Wilson na ƙasar Amurka sun ba da labarin wani raunanan haske da ido ba ya gani, mai zuwa daidai wa daida daga kowace kusurwa ta sama. Wannan ya zama babbar hujja cewa sararin samaniya, in aka dube shi gaba ɗaya, ba shi da gaba ko baya.

Sai dai inda batun ya fi shafar talaka shi ne fadama. Kowace damina ambaliya takan shimfiɗa yashi da laka, wani bisa wani. Saboda haka ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi saurin tafiya a kwance, ta cikin yashi, bisa ga nutsewa ta cikin laka. Manomin shinkafa da ya matsa wa rijiyarsa da injin ban ruwa yana iya janye ruwan maƙwabcinsa, haka kuma ƙazantar masai tana iya bin yashi ta isa rijiyar sha.

Don haka ya wajaba ma'aikacin da aka ɗora wa tsara rijiyoyi, da ɗalibin da zai gaje shi, su riƙa tambaya kafin su amince da kowane awo: ta wace fuska aka auna?