Yaya ƙwayar halitta take zama tsoka?

Labaran kimiyya sun cika maganar "kunna" ƙwayoyin gado domin gyara tsoka. Me ake nufi da haka?

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 na haɗa furotin. Sai dai ba duka take amfani da su ba. Takan zaɓi wadda take buƙata, ta kwafe bayaninta zuwa RNA, daga nan a ƙera furotin. Wannan kwafar ita ce kunnawa.

Mai yin wannan kwafar wani sinadari ne da ake kira RNA polymerase II, kuma ba ya fara aiki sai an nuna masa wuri. A jikin ɗan tayi, furotin Myf5 da MyoD ne ke manne wa DNA, su sassauta inda ya naɗe, su jawo sinadarin. Daga baya furotin myogenin ya karɓi ragama: ƙwayoyin halittar su daina rabuwa, su haɗe su zama dogon zare cike da actin da myosin, masu sa tsoka ta motsa.

A 1987, masanin kimiyya Harold Weintraub da abokan aikinsa a Seattle ta Amurka suka nuna cewa MyoD kaɗai na iya mayar da wasu ƙwayoyin halittar ɓera tsoka.

Abin ya shafi kowa, domin jiki na sake bin wannan hanya idan tsoka ta yage. Ya fi shafar yara masu cutar Duchenne mai lalata tsoka, da masu sankarar rhabdomyosarcoma, wadda ƙwayoyinta ke fara zama tsoka amma su kasa kammalawa.