Aikin Agajin Gaggawa: Ko 'Ya'yanku Za Su Ci Abinci Da Shi?

Idan kun taɓa bin hanyar Azare zuwa Potiskum, kun ratsa ta Bulkachuwa, a ƙaramar hukumar Katagum. Titi ne da tireloli, tankokin mai da motocin haya ke zirga-zirga a kansa dare da rana tsakanin Kano da Maiduguri. In haɗari ya auku a nan, ko naƙuda ta zo wa mace da gardama a wani ƙauye na kusa, babban asibitin da ake nufa yana Azare. Wa ke kula da majinyaci kafin a isa? Yawanci direba ne da 'yan uwa, sai addu'a.

Wannan giɓin shi ne aikin ma'aikacin agajin gaggawa. Shi ake horarwa ya tsayar da zubar jini, ya buɗe hanyar numfashi, ya danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, ya ɗaure karaya, ya ɗauki mai rauni a wuya ko gadon baya ba tare da ya ƙara masa lahani ba. Motar asibitin da babu irinsa a ciki ba ta da bambanci da motar haya, sai jiniya.

Buƙatar ta samu gindin zama a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan fanni. Da kuɗin ne ake tafiyar da shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda aka soma a Abuja a 2022, ake kuma faɗaɗa shi zuwa jihohi. Kowace mota da aka saya tana neman mutanen da za su riƙa karɓa-karɓa, safe da dare.

Sai dai buƙata daban, gurbin aiki daban. Gwamnati ba kullum take ɗaukar ma'aikata ba, kuma asibitoci da yawa nas ko jami'in lafiyar al'umma suke sawa a motar. Saboda haka kada ku zuba ido kan ƙofa ɗaya. Ban da asibitoci, akwai hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, hukumar NEMA da takwararta ta jiha, rundunar soja, kamfanonin gine-gine da na mai, da ƙungiyoyin agaji masu aiki a Borno da Yobe.

Hanyar shiga biyu ce. Ta farko, difloma ta musamman a wannan fanni, irin wadda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi suna a kanta. Ta biyu, wadda ta fi kusa da gida, yaro ya fara zama nas ko jami'in lafiya, misali a kwalejin fasahar lafiya ta Ningi, sannan ya ƙaro horon gaggawa. Mai takarda biyu ba ya rasa madafa. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Galibi ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci, lissafi da darussan kimiyya. Kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar hukuma ta amince da makarantar da kwas ɗin.

Kada a bar 'ya'ya mata a baya, domin mai naƙuda ta fi sakewa da mace 'yar uwarta. Ku kuma dubi halin yaron: aiki ne na kwana ba barci, ganin jini da natsuwa a tsakiyar ihu. In yana da wannan zuciyar, ku ƙarfafa masa gwiwa. Kafin nan, kowa a gidan ya haddace lambar gaggawa, 112.