Nana Asma'u: Malamar Da Ta Kai Karatu Har Cikin Gida

A Safo, kamar sauran garuruwan Madarunfa, ranar kasuwa sai ka ga yarinya da farantin talla a ka, alhali sa'o'inta suna cikin aji. Uwa za ta ce idan ta tafi makaranta wa zai sayar da ƙosan? Ba mu ga laifinta gaba ɗaya ba, domin da cinikin ake ɗora tukunya. To amma matsalar tsohuwa ce, kuma akwai macen da ta samo mata dabara kusan shekaru 200 da suka wuce.

Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, matar Waziri Giɗaɗo. An haife ta a 1793, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta lura cewa matan ƙauye ba za su bar daka da girki da reno su zo su zauna a gabanta a Sakkwato ba. Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta karantar da su, ta naɗa kowace ta zama Jaji, da malfa da jan rawani a kai. Malfar nan ba baƙuwa ba ce gare mu, domin irinta Innar Gobir take sawa. Asma'u ta ari alamar da mata suka riga suka sani suna girmamawa.

Jaji kan jagoranci ƴan mata da tsofaffi su zo a ƙasa, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure a tsakar gida. Su ake kira Ƴan Taru. Babu aji, babu benci, karatun ma cikin waƙa yake. Tsarki, salla, tarihin Annabi (SAW), kula da marayu da marasa lafiya, duk an tsara su baiti-baiti, yadda mace za ta haddace tana kaɗi ko tana tankaɗe. Wadda ba ta san baƙi ba ma tana samun rabonta.

Ɗaliban kan zo da abin da ya sawwaƙa: hatsi, zuma, man shanu, zare. Wannan kaya ga mabuƙata yake tafiya.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da karɓar Jajojin.