Ko Kun Sani? Tsaunuka 48 da Ake Hawa a Hunturu

A jihar New Hampshire da ke arewa maso gabashin Amurka akwai tsaunuka 48 waɗanda kowannensu ya kai ƙafa 4,000, wato kimanin mita 1,219, kuma tun shekarar 1957 ƙungiyar Appalachian Mountain Club ta kafa reshen da ke karrama duk wanda ya hau ƙololuwarsu ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa, ya kuma sauko da ƙafarsa. Akwai wani jeri na daban na hunturu, inda ba a ƙirga hawa sai wanda aka yi tsakanin ranar da ta fi gajarta a watan Disamba da ranar da dare da rana ke daidaita a watan Maris.

Wasu iyaye kan shiga wannan aiki da 'ya'yansu ƙanana, abin da ke buƙatar taka-tsantsan, domin fatar jikin yaro tana da faɗi idan aka kwatanta da nauyinsa, don haka zafin jikinsa yakan fita da sauri fiye da na babba, kuma da zarar ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Celsius sai rawar ɗari da rikicewar tunani su biyo baya. Shi ya sa ake guje wa rigar auduga, wadda kan jiƙe da gumi ta riƙe sanyi, ake sa masa ta ulu, ana kuma ɗaura wa takalminsa ƙarafa masu tsini don kada ya zame a kan ƙanƙara. Ga kuma iska mai ƙarfi: a kan Dutsen Washington, mafi tsawo cikin tsaunukan 48 (mita 1,917), an auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a watan Afrilun 1934.