Bongos Ikwue: Muryar da ta tashi daga Zariya, faifan da ya ƙi tsufa

IDAN ka tare matashi a Aujara ko Jahun ka tambaye shi ko ya san Bongos Ikwue, da wuya bai ce maka "wane ne kuma haka?" ba. Amma a jarraba dattijon da ya yi boko a shekarun 1970, ko wanda ya yi zamanin talbijin mai baƙi da fari a Kano. Kafin ka rufe baki ya fara kaɗa kai.

Bongos ba Bahaushe ba ne. Ɗan ƙabilar Idoma ne, an haife shi a Otukpo ta Jihar Binuwai a 1942. Sai dai Arewa na da kaso a cikinsa, domin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu, a can kuma ya haɗa wata ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai mai suna UniBello Brothers. Daga baya ya kafa tasa, The Groovies, wadda da ita ya yi suna.

A 1978 kamfanin EMI ya fitar da faifansa mai suna Still Searching. Lokacin nan kiɗan Fela na tashe a Legas, ga disko ya shigo daga Amurka, kowa na neman abin da zai girgiza fili. Shi kuwa gogan naka sai ya bi ta wata hanyar. Ya ɗauko salon soul, wato waƙar baƙaƙen Amurka mai fitowa daga ƙahon zuciya, ya gauraya da kiɗan jita mai sanyi da ɗanɗanon waƙoƙin gida. Waƙar da faifan ya ci sunanta labarin mai neman soyayya ta gaskiya ce, wanda har yanzu bai dace ba. Jigo ne da finafinanmu suka yi ta tattaunawa har ya gundure, amma a bakin Bongos babu kururuwa, babu kukan ƙarya. Yana rerawa ne kamar mai yi wa amininsa hira bayan sallar isha. Turancinsa ma mai sauƙi ne, ɗan sakandare zai gane.

Abin da ya fi burgewa shi ne yadda yake barin fili. Jita ta yi magana, ganga ta amsa, sannan murya ta shigo. Mutane ne ke kaɗa kowane abu da hannunsu, kuma kunne na jin hakan. To a nan ne fa ya kamata mawaƙan finafinanmu su saurara. Tun zamanin Sangaya fiyano ya mamaye sutudiyo, har ta kai waƙa goma sai ka rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ba laifin fiyanon ba ne, gaggawa ce: furodusa na tsaye a ƙofa yana jiran waƙa uku kafin la'asar.

Masu kallon fim kuwa suna da wani dalilin na sanin mutumin nan. Shi ne ya yi waƙar buɗe shirin Cock Crow at Dawn, wanda NTA ta fara nunawa a 1980, aka ɗauke shi a yankin Jos. Labarin wani magidanci ne, Bello, da ya bar birni ya koma ƙauye ya rungumi noma, labarin da manomin Jigawa ba ya buƙatar a fassara masa. A ciki marigayi Sadiq Daba (ya rasu a 2021) ya fito a matsayin Bitrus, marigayi Kasimu Yero na Karambana (ya rasu a 2017) kuma ya fito a Uncle Gaga. Da yawa sun manta yadda labarin ya ƙare, amma waƙar na nan daram a kansu.

Bai tsaya nan ba. A 2010 'yarsa Keke ta shirya fim ɗin Inale, Jeta Amata ya ba da umarni, aka gina shi kan wata tatsuniyar Idoma da waƙoƙin uban. A bikin AMAA na 2011 fim ɗin ne ya lashe kyautar kiɗa, lokacin Bongos na dab da cika shekara 70.