Dalilan da ke hana ɗalibai shiga ajin intanet da yadda ake warware su

Saura minti 20 a rufe karɓar aikin gida. Ɗaliba ta ɗauki hoton shafuka huɗu da ta rubuta da hannu, ta danna ɗorawa, sai manhajar ta ce fayil ɗin ya yi girma. Ta sake gwadawa sau uku, data na ƙonewa, har lokaci ya cika. Washegari sunanta ya fito cikin waɗanda ba su miƙa aiki ba.

Irin wannan ya zama ruwan dare tun daga watan Maris na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe makarantu saboda annobar korona, manyan makarantu da dama suka rungumi dandalin karatu ta intanet. Galibi akan ɗora laifin a kan rashin sabis ko wayar ɗalibi, amma sau da yawa matsalar tana cikin saitin da aka yi wa dandalin tun ranar da aka kafa shi.

Biyu daga cikin dandalin da suka fi yaɗuwa su ne Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, da Google Classroom da ya fito a 2014. Moodle kyauta ne, sai dai makarantar da ta ɗora shi a kan sabarta ita ce za ta saita komai da kanta, kuma a nan ne akasarin kura-kuran ke faruwa.

An hana ni shiga

Wannan shi ne ƙorafi na farko a kowane sabon zango. A saitinsa na asali, Moodle ba ya karɓar sunan shiga sai da ƙananan baƙaƙe da lambobi da wasu 'yan alamomi kamar ɗigo da karan ɗori. Alamar da ke cikin Mu'azu ko Sa'adatu ba ta cikinsu, haka ma karan tsaye da ke cikin lambar rajistar ɗalibai da yawa. Idan aka zuba sunayen ɗalibai a dunƙule, dandalin kan cire irin waɗannan alamomi, ɗalibi kuma ya yi ta rubuta lambarsa yadda take a katinsa ana cewa ba a san shi ba. Maganin shi ne makaranta ta sanar da ɗalibai ainihin yadda aka rubuta sunan shigarsu.

Kalmar sirri ma tana da nata sharaɗin: aƙalla harafi takwas, da babban baƙi, da ƙarami, da lamba, da wata alama. Wayoyi da yawa kan mayar da harafin farko babba da kansu, ko su ƙara tazara a ƙarshen kalmar da aka kwafo daga WhatsApp. Ɗan wannan ya isa a ƙi buɗe ƙofa.

A Google Classroom kuwa, abin da ya fi kama ɗalibai shi ne asusu biyu a waya ɗaya. Idan an buɗe ajin da asusun makaranta, ɗalibi kuma ya zo da Gmail ɗinsa na kansa, ana iya ƙin karɓar lambar shiga ajin ko da daidai ya rubuta ta. Sai ya sauya zuwa asusun makarantar tukuna.

Na shiga amma babu darasi

Samun asusu daban, shiga kwas daban. Ɗalibi na iya buɗe dandalin ya tarar da shafi fayau saboda ba a saka sunansa a kwas ɗin ba, ko malami ya bar kwas ɗin a ɓoye tun lokacin da yake shirya shi ya manta bai bayyana shi ba. Malamin ba zai lura ba, domin shi yana ganin komai. Moodle ya ba malamai damar sauya matsayinsu zuwa na ɗalibi na ɗan lokaci su ga abin da ɗalibai ke gani, kuma gwajin minti biyu ne da ya kamata a yi kafin a buɗe kowane kwas.

Idan shafin na buɗewa a burauza amma manhajar Moodle ta waya ta ƙi haɗuwa, to mai yiwuwa mai kula da dandalin bai kunna sashen da ke bai wa wayoyi damar shiga ba, ko kuma takardar tsaron shafin ta ƙare. Babu abin da ɗalibi zai iya yi a nan sai kai rahoto.

Fayil ya yi girma

Moodle na tafiya ne a kan PHP, wanda a saitinsa na asali ba ya barin a ɗora fayil da ya wuce megabait 2. Hoto ɗaya na wayar zamani kan wuce haka. Iyakar kuma hawa-hawa ce: ta sabar, ta dandalin, ta kwas, sannan ta aikin da aka bayar. Ta ƙasa ba za ta iya wuce ta sama ba, don haka komai ƙoƙarin malami ba zai ƙara ba sai mai kula da sabar ya ɗaga tasa.

Kafin a gyara, ɗalibi zai iya haɗa hotunansa su zama PDF guda ya rage nauyinsa. Ya kuma duba da kyau bayan ɗorawa. A wasu ayyukan, ɗora fayil bai wadatar ba, sai an danna maɓallin miƙawa na ƙarshe. In ba haka ba aikin zai zauna a matsayin daftari, malami ya ɗauka ba a kammala ba.

Agogon da ke saɓa wa na gida

Najeriya da Nijar suna gaban agogon GMT da awa ɗaya. Idan aka bar dandalin a kan GMT, jarrabawar da malami ya sa ta buɗe ƙarfe 10 na safe ba za ta buɗe ba sai ƙarfe 11 agogon Kano.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne dandalin da ke bin agogon Landan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan da na Najeriya ɗaya ne, komai na tafiya daidai. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya kan mayar da agogonta baya da awa ɗaya, daga nan sai lokutan su fara saɓawa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Gyaran shi ne a zaɓi lokacin Legas, a kuma tilasta shi a kan kowane asusu.

Saƙonnin da ba sa zuwa

Ɗalibi ya manta kalmar sirri, ya nemi sabuwa, ya yi ta jiran imel shiru. Da farko ya leƙa akwatin saƙonnin banza. Idan babu, ko dai an yi kuskure a adireshin da aka yi masa rajista da shi, ko ba a haɗa dandalin da sabar aika imel ba.

Akwai kuma wani ɗan shiri mai suna cron da Moodle ke so a riƙa gudanarwa kowane minti ɗaya. Shi ne ke aika sanarwar malamai da kalmomin sirrin sababbin ɗaliban da aka zuba a dunƙule, shi ne kuma ke ajiye kwafin kwasa-kwasai don gudun ɓacin rana. Idan bai aiki, dandalin zai yi ta buɗewa lafiya lau alhali waɗannan ayyuka sun tsaya. Shafin sanarwa na mai kula da dandalin yakan yi gargaɗi idan cron ya daɗe bai motsa ba.

Idan sabis ya ɗauke ana jarrabawa

Agogon jarrabawa a kan sabar yake, ba ya tsayawa don wayar ɗalibi ta mutu ko sabis ya ɗauke. Sai dai Moodle kan ajiye amsoshi lokaci-lokaci, saboda haka wanda ya samu ya dawo kafin lokaci ya cika zai ci gaba daga kusan inda ya tsaya. Malami kuma na da ikon ƙara wa ɗalibi ɗaya lokaci ko ba shi dama ta biyu ba tare da ya taɓa sauran ajin ba.

Abin da malamin zai nema shi ne hujja. Dandalin na rubuta lokacin da kowa ya shiga da abin da ya danna, ɗalibin da ya ɗauki hoton allon wayarsa mai nuna saƙon kuskuren da agogo kuwa ya sauƙaƙa wa kansa. Ya haɗa da sunan kwas da lambar rajistarsa ya tura nan take, kada ya jira sai sakamako ya fito. Kalmar sirri ce kawai ba a turawa, ko da wanda ya nema ya ce shi ma'aikacin makaranta ne.